Tambarin Najeriya: furen ja ne ko rawaya, kuma ina gaggafa take kallo?

Malama Hauwa, Azare:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga hotuna biyu na tambarin ƙasa, dukansu daga bangon makarantun firamare. A na farko furannin da ke ƙarƙashin dawaki ja ne, tsuntsun yana kallon hagu. A na biyu furannin rawaya ne, tsuntsun yana kallon dama, kogin kuma an yi shi shuɗi. Yara abin da suka gani a bango shi suke haddacewa, shi suke zanawa ranar jarrabawa. Wanne ne daidai? Masana tarihi da masu fenti, a taimaka mana dalla-dalla.

Bappa Jauro, Dukku:
Wa alaikumus salam Malama. Kowanne a cikin biyun yana da inda ya yi daidai da inda ya kauce. Amma a fara da tushe. Irin wannan tambari a rubuce ake ba da shi, zane daga baya yake zuwa. A al'adar Ingila, inda tsarin namu ya fito, akwai ofishin masu kula da tambura a Landan, wanda ya samu takardar kafuwa tun 1484, kuma abin da ake riƙewa hujja shi ne bayanin da aka tsara da kalmomi ƙayyadaddu. Mai zane yana da damar fitar da nasa hannun, ya yi wa doki geza doguwa ko gajera, muddin bai saɓa wa bayanin ba.

Namu an tabbatar da shi ranar 20 ga Mayu 1960, wata huɗu da 'yan kwanaki kafin a karɓi mulkin kai. Ga abin da ya ƙunsa. Garkuwa baƙa, alamar ƙasa mai albarkar noma. A kanta akwai zane fari mai rassa uku kamar harafin Y, gefunansa suna lanƙwasa kamar igiyar ruwa, wato Kwara da Binuwai da haɗuwarsu a Lakwaja. Dawaki biyu farare sun tallabi garkuwar dama da hagu, alamar martaba. A sama akwai naɗi mai murɗa fari da kore, launin tuta, gaggafa ja tana tsaye a kansa da fikafikai a buɗe, alamar ƙarfi. Ƙasa kuma ciyawa ce da furanni, sai ƙyalle mai ɗauke da taken ƙasa.

Saboda haka kogi shuɗi kuskure ne kai tsaye, babu ja-in-ja a kansa.

Malama Hauwa, Azare:
Bappa, to ai ruwa shuɗi muke koya wa yara su zana shi a taswira. Me ya sa a nan ya zama fari?

Bappa Jauro, Dukku:
Domin garkuwa ba taswira ba ce. Wannan fanni na tambura masu garkuwa ya taso ne a Turai a ƙarni na 12, lokacin da barade suka koma rufe fuska gaba ɗaya da kwalkwalin ƙarfe. A fagen daga ko wasan sukuwa ba ka gane kowa sai da abin da ya zana a garkuwarsa da rigar da ya ɗora kan sulke. Zakoki uku na sarautar Ingila sun bayyana a hatimin Sarki Richard na Ɗaya a 1198, har yau suna nan. To abin da za a gane daga nesa, cikin ƙura, a kan doki mai gudu, dole launukansa su rabu sarai. Sai suka kasa launi gida biyu. Gida na farko zinariya da azurfa, waɗanda ake yi da rawaya da fari. Gida na biyu ja, baƙi, shuɗi, kore da shunayya. Ƙa'idar ita ce ba a ɗora ɗan gida ɗaya a kan ɗan uwansa. Shuɗi a kan baƙi ya karya ta. Ki tsaya a ƙofar makaranta ki hangi wancan bango na biyu, garkuwar za ta zame miki dunƙulen duhu, kogin ya ɓace. Fari a kan baƙi kuwa ko da magariba ana ganinsa.

Maganar inda tsuntsu ke kallo ita ma daga can ta samo asali. Dama da hagu a nan na mai riƙe da garkuwa ne. Ki ɗauka ke ce a bayanta kin rataya ta a hannu, damarki ita ce hagun wanda ke kallonki. Dabba ko tsuntsu, in dai ba a faɗi wani abu daban ba, damar garkuwa yake fuskanta. Don haka gaggafarmu tana kallon hagun mai kallo. Hoto na farko ya yi daidai a nan.

Hamma Yero, Tudun Wadan Gombe:
Yawancin juyewar nan daga wajen aiki take fitowa. Hanya uku ce. Ko an ɗauki hoton da kyamarar gaban waya, wadda ke juya hoto kamar madubi. Ko an yanka kwali an ɗora shi ta baya. Ko kuma an kwafo daga takardar da ake mannawa a riga da dutsen guga, ita dama a juye ake buga ta. Mai fenti yana ganin rubutu ya birkice sai ya gyara rubutun, ya bar tsuntsun yadda ya same shi, tunda dawaki da garkuwa kusan iri ɗaya ne ta kowane ɓangare, ba sa tona asirin kuskuren.

Malam Iliya, Billiri:
Ni furen zan yi magana a kai. Sunansa na kimiyya Costus spectabilis, da Hausa takalmin zomo. Duk wanda ya yi kiwo ko noma a ƙasar duwatsu ya san shi. Ba shi da kara. Ganye huɗu ne zagayayyu masu kauri, shimfiɗe a ƙasa kamar an jera faifai huɗu kai da kai, sai fure ya ɓullo daga tsakiyarsu. Yana fitowa da saukar damina, galibi a inuwar itatuwa da gindin duwatsu, da rani ganyen ya bushe, saiwar ta kwanta a ƙasa tana jiran ruwa. Dangin citta ne na nesa. Furensa rawaya ne, wani lokaci ya ɗan ja zuwa ruwan lemo. Ba ya yin ja irin na barkono. A wannan gaɓa hoto na biyu ne ya bi halittar tsiron.

Malam Sabo mai fenti, Wunti:
Allah ya gafarta Malam Iliya, bayaninka ya gamsar ta fuskar tsiro. Sai dai a wajen aiki akwai matsala. Jan fure ne ya cika gari, a kalanda, a littattafan makaranta, a kan takardun ofis da yawa. Mai fenti ya yi rawaya, wanda ya ba da aikin ya zo ya ce an ɓata, a sake, ko ya riƙe cikon kuɗi. Wa zai biya fentin da aka sake?

Malam Iliya, Billiri:
Yawan masu kwafar kuskure ba ya mayar da shi daidai, Malam Sabo. Wani ya kwafa daga wani, shi ma daga wani, babu wanda ya koma ya duba tsiron da aka ambata. Kuma ka fi kowa sanin ja a kan kore ba ya fita. Ka sa tambari mai jan fure a injin hoto na baƙi da fari, furen da ciyawar duk su koma toka-toka iri ɗaya. Rawaya kan kore tana tsayawa. Shawarata, kafin a buɗe gwangwani a nuna wa mai aikin hoton tsiron a waya, a gaya masa sunansa. Gani ya kori ji.

Malam Sabo mai fenti, Wunti:
Wannan kam hanya ce. A yi maganar tun wajen ciniki.

Modibbo Usmanu, Nafaɗa:
Bappa Jauro, ina da gyara kaɗan. Yadda ka kawo tarihin, mai karatu zai ɗauka duniya ba ta san alamar mulki ba sai da Turawa suka zo da ita. Sarakunan Mamluk na Masar da Sham, daga ƙarni na 13, suna da nasu tsarin da ake kira rank. Alama ce a cikin da'ira, tana nuna muƙamin da mutum ya riƙe a fada: mai shayar da sarki kofi, magatakarda gidan alƙalami da tawada, mai kula da tufafi adiko. Sultan Baibars zaki ne alamarsa, yana nan sassaƙe a gine-ginensa da kuɗinsa.

A nan gida kuma tuta ce da hatimi. Malam Yakubu na Bauchi da Modibbo Bubayero na Gombe da Malam Zaki na Katagum, ikonsu daga tutar da suka karɓo a hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tabbata. Wasiƙar Sarkin Musulmi ko ta Shehun Barno ba ta zama wasiƙa sai da hatimi a kanta, mai ɗauke da sunan sarki da addu'a. Rubutu ne zalla, babu doki babu tsuntsu, saboda malamai suna ƙyamar surar abu mai rai. Ita kanta kalmar tambari da muke ta faɗa, asalinta gangar sarauta ce da ake bugawa a fada. Da ka ji ta ka san mai mulki na nan. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa zuwa duk alamar da ke shaida hukuma.

Bappa Jauro, Dukku:
Allah ya ƙara sani Modibbo, na karɓi gyara. Abin da nake nufi shi ne wannan siffa ta garkuwa a tsakiya, dabbobi biyu a gefe, abu a sama, take a ƙasa, ita ce muka karɓa daga Ingila. Gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ma da wannan siffar ta yi nata, doki a gefe ɗaya raƙumi a ɗaya, takenta kuma Aiki da Ibada. Amma ka duba, alamar da ta shiga zuciyar mutane ita ce dagin Arewa, wanda dama yana jikin riguna da bangon soraye da kayan fata tun kafin a yi gwamnati.

Auwalu, Kashere:
Baba, don Allah tambaya. Tauraro mai tsini shida da ke bajon sojan ƙasa, wanda kuma ke jikin tsohon kwabo mai huji, ana yaɗawa a Facebook cewa alamar Yahudawa ce Turawa suka cusa mana. Gaskiya ne?

Bappa Jauro, Dukku:
Auwalu, wannan tauraro shi ne alamar Najeriya daga haɗewar 1914 har zuwa 1960: kore, a cikin jan da'ira, da kambin sarautar Ingila a tsakiya da sunan ƙasar a ƙarƙashin kambin. Yana jikin kwabo da anini masu huji, tare da rubutun Larabci. Gwamna Lugga da kansa ya bayyana inda ya samo shi. Ya ce a murfin wani kwano na tagulla ya gan shi, cikin kayan da sojojinsa suka kwasa lokacin da suka ci Kwantagora a 1901, zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Wato a ƙasar Musulmi aka same shi. Mu hatimin Annabi Sulaimanu muke ce masa, yana cikin zayyanar masallatai da littattafai daga Maroko har Turkiyya ɗaruruwan shekaru kafin a kafa Isra'ila a 1948. Yahudawa suna amfani da shi, haka ne, amma ba su kaɗai ba. Sojan ƙasa ya gaje shi ne daga zamanin mulkin mallaka, kuma a bajon nasu akwai rubutun Larabci, Nasrun minallah, nasara daga Allah take.

Barista A'i, Bauchi:
Bari in shigo da doka, domin akwai abin da ake sakaci da shi. Na farko, take. Daga 1960 abin da ke ƙyallen shi ne Unity and Faith kawai. A 1978, ƙarƙashin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara Peace and Progress, a shekarar da aka sauya waƙar ƙasa. Sashe na 15(1) na kundin tsarin mulkin 1999 ya rubuta taken a cike: Unity and Faith, Peace and Progress. Duk tambarin da kuka gani da kalmomi uku kacal tsohon yayi ne, ya dace da gidan tarihi, bai dace da sabon bango ba.

Na biyu, akwai dokar tutoci da tambura ta 1960, har yanzu tana aiki. Tambarin ƙasa ba kayan kowa da kowa ba ne. Mai zaman kansa ba ya amfani da shi sai da izinin ministan da abin ya shafa. Amma ku duba gari: ƙungiyar unguwa ta sa shi a kan takardarta, ɗan kwangila ya sa a katinsa, mai taimaka wa ɗan siyasa ya cire lambar mota ya maƙala shi. Illar a fili take. Mutumin ƙauye da ya ga dawakin nan biyu a kan takarda ya gama yarda daga hukuma take, da haka ake damfarar mutane da takardun ɗaukar aiki na jabu. Masu ɗab'i da masu yanka hatimi, ku riƙa neman wasiƙar ofis kafin ku karɓi irin wannan aiki.

Malama Hauwa, Azare:
Barista, yaya za mu fassara wa yara taken? Wasu littattafai sun ce imani, wasu sun ce amana.

Barista A'i, Bauchi:
Kundin da Turanci ya rubuta shi, kalmar kuma tana ɗaukar duka biyun. Ni na fi son Haɗin Kai da Imani, Zaman Lafiya da Ci Gaba, sai malami ya ƙara wa yara cewa imanin ya haɗa da yarda da juna da yarda da ƙasar.

Modibbo Usmanu, Nafaɗa:
Imani a kunnen yaron Bahaushe addini ne kawai. In ana son ma'anar yarda da juna, amana ta fi kusa. Kowace aka ɗauka sai an yi bayani.

Malam Iliya, Billiri:
Wani abin da ake koya wa yara ba daidai ba shi ne cewa rassan nan uku manyan ƙabilu uku ne, ko jihohi uku na 1960. Koguna ne. Iyakar jihohin ma ba ta bi kogunan ba: Ilori da Kabba suna kudu da Kwara amma a Jihar Arewa suke, haka ƙasar Idoma da yawancin ƙasar Tibi suna kudu da Binuwai. Reshen da ke hagun mai kallo shi ne Kwara, mai tasowa daga tsaunukan Gini, tsawonsa ya haura kilomita 4,000. Na dama Binuwai, daga tsaunukan Adamawa na Kamaru, kimanin kilomita 1,400. Ga yaran Bauchi da Gombe akwai hanyar da za ta zauna musu a kai: kogin Gongola da ya ratsa ƙasarmu, ya cika madatsar Daɗin Kowa, a Numan yake zuba cikin Binuwai. Ruwan da ya wuce ta Nafaɗa yana cikin reshen dama.

Sai sunan tsuntsun. Mutane sun saba cewa mikiya, amma a wajen masana tsuntsaye mikiya babbar dangin ungulu ce, mai cin mushe. Kama da wane ba ta wane. Gaggafa ko juhurma ya fi dacewa. Wannan ya shafi mai zane kai tsaye: kai mai gashi, wuya gajere mai kauri, baki mai ƙugiya, ƙafafu masu ƙarfi. In wuya ya yi tsawo ya sirance, ungulu aka zana. In jela ta rabu biyu, shirwa ce.

Malam Sabo mai fenti, Wunti:
To ga yadda ake ɗora shi a bango ya fita daidai. Zan yi misali da mai faɗin santimita 120, tsayi kimanin 100.

Bango tukuna. In sabon filasta ne a bar shi wata guda. Ɗanyen siminti yana cin fentin mai daga ciki, bayan 'yan watanni ya kumbura ya ɓare kamar ɓawon rogo. A goge da samfefa, a share ƙura da ɗanyen tsumma, a bari ya bushe. Shafin farko hannu ɗaya, farin fenti hannu biyu, a fili mai faɗin 150 da tsayi 130. Lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita goma a hannu ɗaya, don haka lita guda ta fari ta isa. Baƙi, ja, kore da rawaya, ƙaramin gwangwani na kwatan lita kowanne, har ya yi saura.

Kada a zana da ka. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, amma a nan kima ba ta isa. A buga tambarin a takarda da faɗin santimita 24, a ja masa layuka tsaye da kwance, kowane gida santimita 2. Zai ba da gida 12 a faɗi, 10 a tsayi. A bango a ja irinsu da alli, kowane gida santimita 10. Abin da ke gida na uku a takarda shi ke gida na uku a bango. Layin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na tsakiya, a saukar da shi da igiya mai dutse a ƙasa. Dole ya ratsa tsakiyar naɗi, ya bi ƙafar kogin, ya fita ta tsinin garkuwa.

Doki ɗaya ake zanawa. In ya yi kyau a kwafe shi a kwali, a yanke, a juya kwalin a fitar da ɗan uwansa. Masu zana kowanne daban su ne za ka ga ɗaya ingarma ɗaya kuru. Suna tsaye a ƙafafun baya, na gaba a jikin garkuwa, suna fuskantar juna. Babu linzami, babu sirdi, babu jalala. Ba dawakin hawan sallah ba ne. Tunda farare ne a kan farin bango, sai an zagaye su da baƙin layi mai kaurin milimita biyar zuwa shida, in ba haka ba daga nesa wutsiya da kofato kawai za a gani.

Kogi kuma kada a shafe garkuwa da baƙi sannan a zo ana ɗora fari. Ko hannu huɗu aka yi toka-toka zai fito. Farin bangon ake bari, a zagaye shi da baƙi. Faɗinsa ya kai kamar kashi ɗaya cikin biyar na faɗin garkuwa, gefuna biyu su riƙa lanƙwasa tare don kada ya kumbura nan ya tsuke can. Rassan sama su kai kusurwoyin garkuwa, na ƙasa ya kai tsini. Y da ke yawo a tsakiya bai taɓa gefe ba, harafi ne aka rubuta.

Jerin launi daga mai haske zuwa mai duhu: rawaya, kore, ja, baƙi a ƙarshe, domin baƙi yana rufe duk inda hannu ya zarce. Tsakanin hannu da hannu a bar fentin mai ya kwana. Tina, wato ruwan tsinka fenti, kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma. Kananzir yana kashe sheƙi ya hana bushewa da wuri. Kada a yi aiki a bangon da rana ke duka, saman fentin zai bushe cikinsa na ɗanye, ya yi tamoji. Bangon gabas da la'asar, na yamma da safe. Da hunturu kuwa a gama kafin iska ta taso, ƙura tana kama ɗanyen fenti ta zauna har abada. Ja shi ne farkon kwaɗewa a ranar nan tamu, shi ya sa tsofaffin tambura gaggafarsu ta koma ruwan hoda. In za a yi tsimi a yi a wani launi, ja a sayi mai kyau, a yi masa hannu biyu.

Rubutu: taken yana da haruffa 29, da waƙafi ɗaya da tazara biyar, gurbi 35 ke nan. Gurbi na 18 shi ne tsakiya, kuma harafin P ne na PEACE. A fara da shi kusa da layin tsakiya, a tafi dama, a dawo a cike hagu da baya-baya. Wanda ya fara daga U, kafin ya kai ƙarshe wuri ya ƙare, sai ka ga PROGRESS a matse ko an cinye S ɗaya.

Hamma Yero, Tudun Wadan Gombe:
Allah ya saka da alheri Malam Sabo. A ɓangaren ɗab'i babbar cutar ita ce hoton da aka turo ta WhatsApp. Sau da yawa faɗinsa bai fi ɗigo 500 ba. A takarda ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato tambari mai inci biyu yana buƙatar 600. Ka ja mai 500 a kan allon leda na mita ɗaya, kowane inci ya samu ɗigo 13, dawaki su fito da gefuna kamar matakala. A nemi wanda aka zana da layi, irin fayil ɗin SVG ko na CorelDRAW, shi ko girman bango aka ja shi ba ya fashewa. Wajen ƙara girma a kama kusurwa. Wanda ya ja ta gefe, dawakin su yi tumbi, garkuwa ta baje.

Baƙin garkuwa in aka bar shi da baƙar tawada kaɗai yakan fito kamar gawayin da ya sha ruwa. A ƙara masa shuɗi 40, ja 30, rawaya 30 a kan baƙi 100. Ƙananan haruffan take kuma baƙi zalla, don in farantan ɗab'i na launukan nan huɗu suka ɗan goce wa juna rubutun zai yi inuwa.

Adda Jummai, Kumo:
A aikin keken zare matsalar tana wajen rubutun. Harafin da bai kai milimita biyar ba a tsayi, zare yana cushe shi, A da R su zama ƙulli. Gurbi 35 a wannan girma suna cin kusan santimita 14. Don haka bajon aljihu na santimita 7 ko 8 ba zai ɗauki taken ya karantu ba, sai dai a yi shi da saƙa ta inji ko bugu. A sa takardar tauri a bayan yadi, in ba haka ba cikon baƙin garkuwa yana jan yadin ya tattare, kogin ya karkace. Kuma farin zare a fara da shi, kafin gashin baƙin zare ya bi allura ya ɓata shi.

Auwalu, Kashere:
Maƙwabtanmu fa, Baba? Su ma haka nasu yake?

Bappa Jauro, Dukku:
Kowa da inda ya ɗauko. Na Nijar babu dabbobi masu tallabe garkuwa, tutoci huɗu ne suka rungume ta. A ciki akwai rana, da mashi tsakanin takubba biyu na Buzaye, da zangarniyar gero uku, da kan sa. Manomi da makiyayi kowa ya ga kansa a ciki. Na Chadi, na 1970, akuyar dutse ce a gefe ɗaya don arewa, zaki a ɗaya don kudu, layuka masu lanƙwasa a garkuwa don tafkin Chadi. Na Gana, na Maris 1957, wanda Amon Kotei ya zana, an kasa garkuwa huɗu, da itacen koko da mahaƙar zinariya da fadar Osu da sandar sarauta haɗe da takobi, ga zakin zinariya a tsakiya, ga gaggafa biyu. Ya yi kyau a babban allo, amma a ƙaramin hatimi komai yana cakuɗewa. A ganina namu ya fi su sauƙin ganewa, abu ɗaya ne tak a garkuwa. Kuma da yake babu kambin sarauniya a jikinsa, da aka zama jamhuriya a 1963 ba a cire masa komai ba.

A kuma daina cewa Taiwo Akinkunmi ne ya zana shi. Tuta ya zana, a gasar 1959, yana ɗalibi a Landan, har ma da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta.

Malama Hauwa, Azare:
Na gode ƙwarai. Saura abu ɗaya. Bangon da aka riga aka ɓata, sai an shafe duka ko akwai gyara?

Malam Sabo mai fenti, Wunti:
Ana gyarawa, Malama, in fentin bai fara ɓarewa ba. A gwada da salatif: a manna a fizge, in ya taho da fenti to sai an kankare an sake daga tushe. In ya riƙe, kogin shuɗi a goge shi da samfefa mai laushi har sheƙin ya mutu, a yi shafin farko, a bi da fari hannu biyu ko uku, sannan a sake gyara gefen baƙin da siririn buroshi. Furen ja kada a ɗora masa rawaya kai tsaye, rawaya ba ta da ƙarfin rufi, ruwan lemo mai datti za ta bayar. Fari tukuna hannu biyu, ya kwana, sannan rawaya. Gaggafar da ta juya kuwa ba a sauya kai kaɗai, domin ƙirji da ƙafafu sun bi inda kan yake kallo. A rufe ta gaba ɗaya da launin bango, a sake ja mata gidajen alli. Tunda hannu ya kai wurin, a duba naɗin da take tsaye a kai. Ƙa'idar fannin murɗa shida ce, a fara da fari daga hagun mai kallo, kore ya biyo, a ƙare da kore. Aikin kwana huɗu ne saboda jiran bushewa, fentin kuwa ragowar gwangwani ma ya isa.